Weji Uku da Kazar Ɗori

Talata, bayan la'asar

Yanzu na dawo Maiyama, kaina na sarawa. Maigidana Idris ya ce ya mai jiki, na ce da sauƙi, don abin da ake cewa ke nan.

Waliyyu ne, ƙanena, autan Inna. Daga Kaduna ya zo Jega ya gaishe ta, ya hau mashin zai zo wurina. A hanyar nan ne abin ya faru. Ba zan rubuta yadda anka yi ba, na gaji da ba da labarin. Hannun hagu ne, ƙasan gwiwar hannu, wuri biyu.

Ni na ce asibiti, Birnin Kebbi. Bappa Haliru, ƙanen marigayi babanmu, ya ce Aliero, gidan Maigari mai ɗori. Na ɗaga murya, Inna ta ce in ji kunyar Bappana. Duk da haka da na ci gaba da faɗa, amma shi mai hannun ya kashe min baki.

"Yaya Balaraba, asibiti filasta za su sa min har damina ta yi nisa. Gasar kuma farkon damina ce. Ku kai ni Aliero."

Gasa! Mutum na kwance ƙashi a karye, zancensa gasa. Tun yana saurayi ya tafi Kaduna yana ɗaukar wa manya jakar sanduna a filin golf, muna yi masa dariya, ƙato da shi yana bin farin ƙwai cikin ciyawa. Ashe koyo yake yi. Bana ya cinye duk masu ɗaukar jaka, Alhajin da yake ɗaukar wa jaka ya sa sunansa a babbar gasa a Abuja. Hannun nan shi ne duk abin da Wali yake da shi a duniya, ba gona, ba shago, ba takardar boko.

Laraba, hantsi

Aliero. Ana cikin kwasar albasa, ko ina ka juya warinta, har ruwan sha.

Ba ni da abin cewa a kan Maigari. Dattijo ne mai sanyin magana, shi ya ɗora ƙafar wan Idris, ga shi nan yana kabu-kabu da ita. Ya ja hannun, Wali ya yi ƙara ɗaya, ni na fita waje. Da na dawo an shafe shi da man shanu, an naɗe da ƙananan karare saƙaƙƙu, an ɗaure tam da tsumma.

Sannan Bappa ya miƙo farar kaza da ya sawo. Haka gidansu Maigari ke yi tun kakanni. Ya karya mata ƙafar hagu, ƙaras, ya ɗaure da guntun karan da ya rage.

"Ku tahi da ita gida, ku kula da ita. Randa ta taka, shi ma ya samu lahiya. Ɗaurin ga kuma ba a taɓa shi. Hannun da ya ɗaure shi ka kwancewa."

Na ce, "Malam, ai ita ƙafa ce, shi kuma hannu."

Bappa ya harare ni. "Ke mi kinka sani ga ɗori? Tsaya ga ɗinkinki."

Na tsaya ga ɗinkina. Kaza ta tafi Jega wurin Inna, Wali ya zauna ɗakin majinyata a gidan Maigari.

Alhamis, bayan azahar

Kai, yaron nan! Sai da ya sa anka kawo masa jakar sandunansa daga Jega. Tana jingine kusa da tabarmarsa. Wani tsoho mai karayar ƙugu ya tambaye ni ko sabon kayan noman albasa ne.

Ya sa na zaro su na jera masa a ƙasa, ya hau yi min karatu.

"Dubi fuskar wannan, Yaya. Kin ga kusan a tsaye take? Ita ke kai ƙwallo nesa. Kowace ta biyo baya ta ɗan fi kwanciya, ƙwallo ya fi tashi sama, ya rage nisa. Da digiri ake auna kwanciyar. Ta ƙarshen sandunan ƙarfen nan arba'in da huɗu ce. Daga ita sai wannan tsohuwar, hamsin da shida, ita ma ta aro ce. Kin ga giɓin? In na matso kusa da ramin da ake son ƙwallo ya faɗa, na ɗauki wannan ta wuce, na ɗauki waccan ta kasa. A nan ake cinye ni."

Gajerun da ke cike giɓin su ake kira weji. Na ce ni wejin da na sani shi ne na yaran mota, wanda ake sa wa taya kar ta gangara. Ya yi dariya har hannun ya motsa, ya cije baki.

Alhajinsa zai sawo masa guda uku sababbi daga Legas, shi kawai zai faɗi lambobi. Hanya biyu ce. Ko ya hau da huɗu-huɗu, arba'in da takwas, hamsin da biyu, hamsin da shida, babu giɓi ko ɗaya. Ko ya yi tsalle, hamsin, hamsin da shida, sittin.

"To ka ɗauki wadda ba giɓi mana, miye na wahala?"

"Sittin ɗin, Yaya. Ba ki ga sittin ba. Ta ɗaga ƙwallo sama ta ajiye shi gefen rami kamar an ajiye ƙwai. Sai dai ba ta son hannu mai nauyi, sai wanda yatsunsa ke ji. Ni kuwa duk filinmu ba wanda ya kai ni yatsu."

A aljihun jakar na ga safar hannu fara, duk ta yage. Na ce kawo in ɗinke, ina 'yar'uwarta? Ya ce ɗaya ake sawa, ta hagu kaɗai, don hagu ke riƙe sanda, dama rakiya take yi. Ya ce in bar ta, Alhaji ya yi alkawarin sabuwa.

Na fito ina jin daɗi, wallahi. Bakinsa bai mutu ba.

Asabar, da safe

Inna ta kira. Kaza ta ci dawa, ta sha ruwa. Ba ta tambaye ni Wali ba, ni ma ban tambaye ta ba. Labarin kaza munka yi.

Lahadi, bayan azahar

Yatsun sun kumbura. Ya ce ba ya samun barci. Maigari ya duba, ya ce ƙashi ne ke haɗuwa, dole ya yi zogi.

Yau hamsin, hamsin da shida, sittin. Ya ce ya gama yanke shawara. Kafin in ɗaura nikabin tafiya ya ce a'a, tsaya, tsakanin arba'in da huɗu da hamsin akwai nisa.

Litinin, magariba ta kusa

Ɗinkin biki na jirana, na ɗinka wuyan riga a baibai. Matar ta zo ta yi ta masifa, na bar ta ta yi. Da can da ba ta isa ba.

Talata, hantsi

Maigari ba ya nan. Jiya anka zo da mota anka ɗauke shi zuwa Yawuri, ɗan wani babban mutum ya faɗo daga doki. Wai jibi zai dawo.

Wali na gumi kamar an watsa masa ruwa. Yana magana yana tsayawa. Arba'in da takwas, ya ja numfashi. Hamsin da biyu, ya rufe ido. Na ce ya bar lissafin nan don Allah, ya ce in ya bari mi zai yi tunani a kai?

Na je wurin Yusufu, ƙanen Maigari, dattijo ne shi ma, shi ke riƙe da gidan. Na durƙusa har ƙasa. Na ce ko sassautawa ce a yi, ɗan yatsa ɗaya ya samu shiga.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Ba mu taɓa yi ba. Hannun da ya ɗaure shi ka kwancewa. In ni taɓa, aikin ya ɓaci."

Ba da wulaƙanci ya faɗa ba. Da ya wulaƙanta ni ma da na samu abin yi da bakina.

Laraba, bayan azahar

Na zo da almakashina a jaka. Ban gaya wa Idris ba.

Bappa na zaune bakin ƙofa yana jan carbi. Na zaro almakashin, na durƙusa gefen tabarmar Wali. Tsumma ne fa, tsumma! Kullum ina yanka shadda mai kauri da abin nan.

Bappa ya ce, "Balaraba, in kinka yanke ya lalace, ke za ki amsa gaban uwarki."

Wannan bai tsayar da ni ba. Wali ne ya riƙe min wuyan hannu da damansa, hannun zafi zau.

"Yaya, in ƙashin ya goce sai an sake karyawa. Gasar ta tafi ke nan. Gobe zai dawo. Gobe kawai. Don girman Allah ki mayar."

Yana kuka yana roƙona. Na mayar da shi jaka. Duk hanyar Aliero zuwa Jega, Jega zuwa Maiyama, ina jin nauyinsa a cinyata.

Alhamis, la'asar

Bai dawo ba. Wayarsa ba ta shiga.

Juma'a, bayan an sauko

Yau gidanmu na Jega kamar ana suna. Kaza ta taka. Inna ta gani da idonta, ta sauke ƙafar, ta ɗingisa har bakin rijiya. Inna ta yi guɗa, ta soya masar shinkafa ta raba sadaka. Maƙwabta na shigowa barka. Sai ga Bappa ya kira daga Aliero, ya ce ikon Allah, zogin Wali ya tsaya cak tun asuba, har ya yi barci.

Inna ta riƙe ni tana hawaye. "Kin gani ko, ɗiyar nan? Ke da shegen gardama."

Na ci masa guda biyu. Na so in yarda, Allah ya sani na so. Na hau mota zuwa Aliero da murnata.

Yana zaune ya jingina da bango, fuskarsa ta faɗa amma yana murmushi. Na zauna ta hagunsa. Yatsun da ke leƙowa ƙasan ɗaurin, ba zan rubuta launinsu ba. Na taɓa, sanyi. Ana wannan zafin na bazara, sanyi.

Ya hau zancen wejinsa. Wai yashin filin Abuja ya fi na Kaduna laushi, hamsin da shida ta isa ta fitar da ƙwallo daga ciki, amma sittin daban ce. Yana cikin magana na sa farce na mintsini babban yatsansa. Na ƙara, da ƙarfi, irin mintsinin da nake yi masa yana yaro in ya taɓa min kaya.

Bai tsaya da magana ba.

Asabar, da safe

Na gaya wa Bappa, ya ce kaza ta taka. Na gaya wa Inna, ta ce in daina yi wa ɗanta mugun baki, kaza ta taka. Na gaya wa Yusufu, ya ce gobe in Allah ya so.

Na gaya wa Idris. Ya ce zai nemi motar abokinsa na sakatariya, amma ta tafi Koko, kuma shi suruki ne, ba zai ɗauke ɗan mutane daga hannun Bappansu ba. Gaskiyarsa ce. Kowa da gaskiyarsa, ni kaɗai ce mahaukaciya.

Asabar, bayan la'asar

Na koma. An matsar da tsohon nan mai ƙugu zuwa wani ɗaki. Ba wanda ya ce min don mi.

Garin duk warin albasa ne, na saba. Wannan ba albasa ba ce.

Wali ya ce in ɗauki wayarsa in rubuta wa Alhaji saƙo, shi ba ya iyawa da hannu ɗaya. Ashe Alhaji bai san komai ba, ya ce masa Inna ce ba ta jin daɗi shi ya sa ya daɗe.

"Rubuta. Arba'in da takwas, hamsin da biyu, hamsin da shida."

"Sittin ɗin fa?"

"A bar ta."

"Kai da ka ce duk filinku ba wanda ya kai ka yatsu?"

Ya dubi bango. "Na ga lokacin da kika mintsine ni jiya, Yaya. Gani na yi."

Na tura saƙon. Na ce yanzu zan yanke, ko Bappa zai tsine min. Ya ce to. Haka kawai, to. Na buɗe jaka, almakashin na Maiyama, a kan keken ɗinki na bar shi da safe.

Na fita neman reza ko wuƙa, sai ga mota a ƙofar gida. Maigari ya dawo.

Lahadi, hantsi

Shi ya kwance da hannunsa jiya, kamar yadda ya ce. Ya ɗaga karan, ya duba. Ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa.

"Ku tahi Sakkwato da shi. Yanzu. Kada ku biya gida."

Ya juya ga Yusufu ya ce don mi ba a kwance ba. Yusufu ya ce, "Kai ka hana." Maigari da kansa ya biya mana kuɗin mota, ya raka mu har bakin titi ba hula.

Har munka iso asibiti, Bappa ko carbinsa bai ja ba.

Likita ya tambayi yaushe anka ɗaure, na faɗa. Ya tambayi yaushe zogin ya tsaya, na faɗa. Ya fara cewa da a ce ranar Laraba, sai ya dubi fuskata ya bari.

Litinin, da safe

An shiga da shi ɗakin tiyata.

Litinin, azahar

An fito da shi, an yanke hannun. Yana da rai. Alhamdu lillahi, yana da rai. Na faɗa na sake faɗa, bakina ne kawai ke faɗa.

Alhamis, la'asar

Ya farka sosai. Ya sha kunu. Ya ce yatsunsa na hagu na yi masa ƙaiƙayi, in sosa masa. Na rasa inda zan kai hannuna, na sosa zanen gado.

Ba ya zancen lambobi yanzu. Ban san zan yi kewarsu ba.

Wata Talata, ban riƙe kwanan wata ba, da hantsi

Mun dawo Jega. Mutane na shigowa, Allah ya sa kaffara ne, Allah ya kiyaye gaba. Maigari ya zo da kansa, ya zauna a zaure, bai iya shiga ba. Inna ta aika masa da ruwa. Ni ban fita ba. Ba na jin haushinsa, na nemi haushin na rasa, kuma ban san inda zan kai abin da ke ƙirjina ba.

Kazar nan kuwa ta warke sumul. Gudu take yi, tana tono, har zakara na binta. Inna ba ta iya kallonta, ta ce Bappa ya yanka a ba maƙwabta. Wali ya ji daga ɗaki, ya ce a bar ta, ita mi ta yi?

Da zan tafi Inna ta ba ni ƙullin rigunansa. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ki gyara mishi hannun hagun, shina ta lilo."

Juma'a, da safe

Ƙullin na kan keke. Ban kwance ba.

Asabar, bayan la'asar

Wani direba ya kira daga tashar Jega, wai akwai saƙon Waliyyu daga Kaduna, dogon kwali. Har yau ba wanda ya gaya wa Alhaji. Ni na je na karɓo, na sa a keke napep, rabinsa na leƙe waje.

Na so in ɓoye shi a ɗakin Inna, amma yana zaune a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, ya gan ni tun daga zaure.

"Kawo, Yaya."

An naɗe kwalin da salatif ta ko ina. Ya sa shi tsakanin gwiwoyinsa, yana ja da farce, yana ja da haƙori. Na kasa kallo. Na zaro almakashi, yau yana jaka, na yanke. Ko numfashi ban gama ba ya rabu biyu. Haka yake da kaifi.

Guda uku, suna ƙyalli, an sa wa kowace leda a kai. Ina zaro ta ƙarshe na hango wani abu fari a gindin kwalin. Na yi sauri na tura shi cikin hijabina.

Ya sa anka fito da jakarsa. Ya jera sandunan ƙarfen a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya da damansa, a hankali, ya ɗora sababbin a ƙarshe. Arba'in da huɗu, arba'in da takwas, hamsin da biyu, hamsin da shida. Ya gyara musu zama har kawunansu sunka daidaita.

"Kin gani? Babu giɓi yanzu. Da ma wannan ne daidai, son sittin ne ya rufe min ido."

Na ce sun yi kyau.

Ya leƙa kwalin, ya girgiza shi, ya kife. "Ba safa a ciki? Alhaji ya ce zai sa."

"Babu."

Ya dubi hijabina, inda hannuna ke dafe. Ya daɗe yana kallo.

"To. Ya manta ke nan."

Kazar ta zo ta bi ta kan sandunan ta wuce, bai kore ta ba.

Lahadi, da safe

Safar na cikin aljihun kekena, tare da almakashin. Fara tas, mai laushi, ta hagu.

Na kwance ƙullin. Na fara da shuɗiyar rigar da na ɗinka masa bara. Na shimfiɗa hannun a kan keke, na ninke, na warware, na sake ninkewa. Ban san inda zan tsaya ba, don ban auna shi ba. Tef ɗin awo na rataye a wuyana tun ɗazu, motar Jega kuma na ta wucewa ta ƙofar gida, na kasa tashi.